Yadda Na Karɓi Laifin Dukan Innarku

A cikinku ku shida babu wanda bai taɓa jin an ce na doki mahaifiyarku ba. Wasunku a bakin rijiya suka ji, wasunku a gidan kawunku na Dandin Mahe, ke kuwa Nana har kokawa kika yi a kan maganar kina aji huɗu, kika dawo da yagaggen hijabi kika ƙi faɗin dalili, alhali ni ne hedimastan da aka kawo wa ƙarar. Ban taɓa ƙaryata zancen ba, hasali ma da bakina na amsa shi a gaban mutane. To yau Innarku Hajara ta shekara biyu a ƙasa, autarku Luba tana ɗakin mijinta, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya cika. Zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar da aka mayar da ni makarantar Mandera, kuma ba zan wanke kaina fiye da yadda na cancanta ba. Abin da ya fi ci mini rai a tsawon shekarun nan ba bakin mutanen gari ba ne. Yayarku ce, 'yar farina, wadda ta ji da kunnenta ta gani da idonta, ta kuma yanke mini hukunci tana 'yar shekara goma sha huɗu.

Sai na fara da hannuna, domin shi ne mai laifin. Kun san ni da alli da jan biro, amma ni ɗan majemi ne. Kakanku a Shagari fatar jar akuya yake jima, kuma tun kafin in san harafi nake tsayawa a kan gungumen jima da kartaji, wato wuƙar nan mai mariƙi biyu da ake kankare gashi da sauran nama daga jikin fata. Idan na sassauta hannu sai ya taɓa ƙeyata ya ce:

"Danna mata, Altine, ba ƙanwakka ta ba."

Da wannan karatu na girma. A wurina duk abin da ya yi tauri ƙarfi yake so, ko fata ce ko ɗalibi, kuma waɗanda na koyar za su ba da shaida.

A daminar shekarar Innarku ta ji wani ƙullutu a nononta na dama. Wata biyu ta ɓoye mini, tana shafa man shanu tana cewa zai baje. Da ta gaji ta faɗa, na kai ta asibiti a Sakkwato, aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne, kuma sai an cire nonon gaba ɗaya. Ba ta yi kuka a gaban likita ba. Sai da muka fito muka zauna a ƙarƙashin wata dogonyaro a harabar asibitin, ta riƙe bakin rigata kamar zan gudu, ta ce:

"Malam, ɗiya mata huɗu gare mu. In anka ji wagga cuta ta shiga gidanmu, cewa za a yi ta gado ta. Wa za shi zo neman aurensu? Ka rantse mini ba ka hwaɗa ma kowa, ko Yaya Sahabi, sai ranar da ta ƙarshensu ta shiga ɗakinta."

Na ce mata ai likita bai ce dole sai an gada ba.

"Likita ba shi ka aurar da ɗiya Mandera ba," in ji ta.

Na rantse mata. Aka yi aiki, ta yi watanni tana karɓar allurai masu kayar da mutum, muka ce wa dangi wani miki ne ya fito mata a haƙarƙari. Ta ɗinka ɗan matashi na auduga tana sawa a cikin riga, kuma da yake yayarku ta fari ce, kunya ba ta barin ta shiga ɗakin uwarta sai an kira ta, ku kuma ƙanana ne, sai asiri ya rufu.

Rauni ya warke, amma warkewar ta zo da nata ciwon. Tabon ya tashi daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata, ya yi kauri ya manne da ƙashi, ya janye fatar wurin kamar bakin jaka da aka zuge. Daga hammatar kuma wata jijiya ta miƙe har gwiwar hannu, a ɗaure tamau, kana iya taɓa ta da yatsa. Hannunta na dama ya ƙi wuce ƙirji. Ba ta iya ɗaga taɓarya, ba ta iya shanya, idan za ta yi kabbarar salla sai hannu ɗaya ya kai kunne ɗayan ya tsaya a hanya. Abin da ya fi baƙanta mata rai shi ne ɗankwali. Matar da idan ta kafa ɗauri a gidan biki sai an zo ana tambayar ta yadda ta yi, ta koma sai ni nake ɗaura mata kowace safiya kafin in tafi makaranta. Idan na gama takan duba madubi ta girgiza kai.

"Allah shi saka da alheri, Malam. Ka ɗaure ni awa buhun albasa."

Likitan Sakkwato ne ya ce mu nemi masu gashin ƙashi, ya ce akwai wata ma'aikaciya da aka turo Boɗinga, ya fi mana kusa. Malama Rabi ke nan, 'yar gajeriya mutuniyar wajen Gwadabawa, mai dariya kamar ta san ka tun kana yaro. Ta duba takardun asibiti ta tabbatar an yarda a taɓa wurin, sannan ta ce in zauna in gani. Ta ɗora tawul mai ɗumi a kan tabon na ɗan lokaci, ta shafa mai, ta kwance wani ƙyalle ta fito da ƙarafa masu sheƙi, babu mai kaifi a cikinsu. Ɗaya kamar jinjirin wata, ɗaya kamar ɗan kifi. Ta ɗauki mai kama da watan ta kwantar da gefensa a jikin fata, ta riƙa ja a hankali, gajere-gajere, daga gefen tabon zuwa waje, sannan ta bi jijiyar nan ta hammata. Ta ce yatsa yana da taushi, yakan tsallake abin da ƙarfe ke ji. Ta sa mini shi a hannu, ta ɗora nata a kan nawa muka ja tare, sai na ji wani gurzu-gurzu yana zuwa mini ta cikin ƙarfen, kamar yashi a ƙarƙashin tabarma. Ta ce nan ne naman ya manne, shi ake so a saki kaɗan-kaɗan, sannan a miƙar da hannu a bango. Da ta gama ta tsayar da Innarku gaban bango ta ce ta hau shi da yatsu. Hannun ya wuce inda yake tsayawa da kamar faɗin tafi. Innarku ta dubi hannunta ta dube ni, ta rufe fuska da mayafi.

Ni kuwa tun da na ga ƙarfen nan da yadda ake jan sa zuciyata ta ce mini, ai wannan sana'ar gidanmu ce. Har na faɗa da baki, Malama Rabi ta yi dariya. Da ta san abin da nake nufi da ba ta yi ba.

Ta so mu riƙa zuwa sau biyu a mako. Innarku ta ce ba zai yiwu ba, domin kafin mu shiga mota sau uku an fara tambaya a tasha me ake yi mata a Boɗinga. Ta roƙe ta ta koya mini in riƙa yi a gida. Malama Rabi ta ja, ta ja, daga baya ta yarda, da sharaɗin mu dawo bayan mako biyu. Ta ce in nemi cokalin ƙarfe mai kauri in yi da gefen mariƙinsa. Ta ce kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta, kada ya wuce 'yan mintoci, da fata ta fara ja a tsaya. Ta kuma ce wata magana da ta zauna mini a ƙirji, cewa idan aka bar tabon haka kafaɗar tana iya ƙagewa har abada.

Na raina cokali. Na tafi Shagari wurin wani maƙeri abokin mahaifina, na zana masa a ƙasa, ya ƙera mini ɗan ƙaramin kartaji marar kaifi, na goge bakinsa da yashi da toka har ya yi santsi. Bayan la'asar, idan kun tafi Islamiyya an goya Luba an kai ta maƙwabta, sai in rufe ƙofar ɗaki in fara. Ban huta ko kwana ɗaya ba. 'Yan mintoci suka zama rabin awa. Na ce a raina idan kaɗan ya ba da faɗin tafi, to da yawa zai ba da kamu guda. Ina jin gurzu-gurzun nan sai in danna, in danna, ina jin muryar kakanku a ƙeyata. Tsoro ne yake tura ni, amma har da girman kai, domin gani nake na fi ma'aikaciyar sanin fata. Innarku tana cije mayafi tana haƙuri, har ranar da haƙurin ya ƙare.

Ranar ce yayarku ta dawo daga Islamiyya tun ba a tashi ba, kanta yana ciwo. Ta tarar da ƙofa a rufe, ta tsaya a tsakar gida. Ga abin da ta ji, kuma ban rage ko kalma ba. Uwarta tana kuka tana cewa:

"Malam, ka ji tsoron Allah ka bari hakanan. Kashe ni za ka yi."

Ni kuma na daka mata tsawa:

"Tsaya wuri guda. Ke kij ja ma kanki. Da kin yi abin da ya kamata tun da wuri, da ba mu kai nan ba."

Watanni biyun da ta ɓoye mini ƙullutun nake nufi. A duk zamana da Hajara ban taɓa faɗin magana mai muni kamar wannan ba, kuma ko da babu wanda ya ji, da na ci gaba da jin kunyarta. Washegari Innarku tana alwala mayafinta ya zame, yayarku ta ga damtsenta da kafaɗarta sun yi baƙi-baƙi da shuɗi, shati a kan shati. Ranar kasuwa ta bi matan unguwa zuwa Dandin Mahe, ta faɗa wa kawunta.

Kawunku Sahabi ya zo da hantsi ranar Asabar, ya biya ya ɗauko limamin unguwarmu, suka zauna a zaure. Sahabi mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa da ya fara sai na ji gara ya zage ni.

"Malam Altine, mun ba ka Hajara don kai malami na. Yanzu ga ta ba ta da lahiya, kuma an ce mini jikinta dut shatin duka na. In ta yi maka laihi ka hwaɗi gaban liman. In ka gaji da ita, ga ni, in tahi da ƙanwata."

Na ce su ba ni izini in shiga ciki. Na sami Innarku a bakin gado, ta riga ta ji komai. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta sake ni daga rantsuwar nan, Sahabi kaɗai zan ja gefe in faɗa wa.

"Sahabi ba shi ɓoye ma matatai komi," in ji ta. "Ita kuwa ka san bakinta. Kahin Jumma'a Dandin Mahe dut sun ji."

Na ce to 'yar farinmu fa, da wane ido za ta riƙa kallona?

Hawaye suka zubo mata. Sannan ta ce:

"Kai namiji na, Malam. In anka ce ka doki matakka, shekara biyu an manta. Su kuwa in anka ce musu ɗiyan mai daji, har su tsuhwa ba a mantawa. Ka ɗaukam mini wanga."

Na tashi na koma zaure. Daga ɗakin zuwa zauren bai kai taku ashirin ba, kuma a cikinsu na gama shawara. Yayarku tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, na wuce ta ban dube ta ba. Na zauna a gaban surukina da liman, na sunkuyar da kai na ce hannuna ne ya yi mata shatin, na yi kuskure, ba zan ƙara ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa, kuma na san sarai abin da za su fahimta. Liman ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan haƙƙin mata, irin wanda ni kaina nake yi wa wasu. Innarku ta zo bayan ƙofa ta ce wa yayanta ba ta zuwa ko'ina. Sahabi ya tashi bai sha ruwan gidana ba.

Da muka koma Boɗinga Malama Rabi ta ɗaga mayafi ta ga aikina, dariyar nan ta ɗauke. Ta ce in ba ta abin da na yi da shi. Ta jujjuya ɗan kartajina, ta shafa bakinsa a tafinta, ta ce ƙarfen ba shi da laifi. Sai ta ce in naɗe hannun riga. Ta kama damtsena ta ja ƙarfen a kai da irin ƙarfin da ta ga alamarsa a jikin Innarku. Ja uku na janye hannuna.

"To kai ke nan da lahiyakka," in ji ta. "Malam, hwatar akuya da kaka jima matacca ta, ba ta warkewa, ba ta kumburi. Wagga mai rai ta. In ka ƙuje ta sabon tabo za ta yi maka bisa tsohon. Ka mai da mu baya."

Ta hana a taɓa wurin har mako biyu. Ta aika aka kawo mata tumatir nunannu daga bakin asibiti, ta shafa wa ɗaya mai ta ajiye a gabana, ta ce in bi jikinsa da ƙarfen har in zagaye shi ba tare da fatarsa ta fashe ba. Ta ce ranar da na iya wannan, ranar zan sake taɓa matata. Hedimasta guda, da furfura ta fara fito mini, na zauna a kan benci ina fasa tumatir, Innarku tana kallona tana dariya har tana riƙe ƙirji. Uku na fasa a ranar. A gida ma na ci gaba a ɓoye, kuma idan kun tuna wani lokaci da miyar gidanmu ta riƙa yin ja kullum, to dalilin ke nan.

Daga nan na koyi aikin da gaske. Na koyi cewa nauyin ƙarfen kansa ya kusa isa, hannu jagora kawai yake yi. Na koyi kallon fuskarta maimakon tabon, domin girarta takan motsa kafin bakinta ya ce wani abu. Na koyi ɗumama tawul a kan murfin tukunya, da narkar da man kaɗanya a tafina kafin in shafa, da tsayawa da zarar fatar ta yi ɗan ja-ja ko da raina yana son ƙari. Idan na zo kan gurzu-gurzun sai in zagaye shi, in zo masa ta sama, in zo masa ta gefe, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Bayan nan ta hau bango da yatsu, in sa gawayi in yi alama a inda ta kai. Wani makon alamar ta hau da faɗin yatsa biyu, wani makon ta ƙi motsi. A cikin wannan zama na roƙe ta gafarar maganar da na faɗa mata, ta ce ta yafe tun ranar tumatir. Shekara goma sha shida muna tare kafin wannan ciwo, amma ban san tana tsoron tsawa ba, ban san ta so a bar ta ta yi karatun ungozoma ba, sai a waɗannan la'asar ɗin da ƙofa take rufe. In ban da ma'aikatan asibiti, ni ne mutum ɗaya a duniya da ya san wurin nan na jikinta, kuma tun tana juya fuska idan na buɗe shi har ta daina.

A wata na biyar da fara aikin, wata safiya na ɗauko ɗankwali kamar kullum, sai ta karɓe daga hannuna. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta naɗa, ta zagayo, ta soke, ta fito da kunnen nan nata a gefe. Na ce ashe an sallame ni daga aiki ba ko takarda. Ta ce dama ban taɓa cin jarrabawar ba. Na fita zuwa makaranta ina share ido da hular da ke hannuna, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka ba ni hedimasta.

Innarku ta yi gaskiya a kan mutanen gari, sun gaji sun bar maganar. Sahabi ma bayan shekara uku ya dawo yana cin tuwon gidana. Amma ta yi kuskure a kan 'yarta. Yayarku ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Takan durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta amsa kira. Da yake tsakanin uba da 'yar fari dama babu hira, babu wanda ya lura da wani abu, ni kaɗai na san bambancin kunya da abin da nake gani a idonta. Bayan an kai ta gidan miji a Sifawa, duk zuwan da za ta yi gida sai ta zo da lalle, ta ce sai ta ƙunsa wa uwarta, ta riƙa tura hannun rigar sama har damtse tana dubawa. Idan ta tafi Innarku takan ce mini, mai bincike ta zo ta koma, ta yi 'yar dariya. Sau biyu ta ce mini gobe za ta faɗa mata. Gari na wayewa sai ta dubi Luba tana wasa a tsakar gida ta fasa.

Ciwon bai dawo ba, Allah ya ba ta shekara goma sha shida a bayansa, hawan jini ne ya ɗauke ta. Ta bar wasiyya cewa ni zan yi mata wanka, ni kaɗai, kuma shari'a ta ba miji wannan. Yayarku ta iso daga Sifawa ana ɗora ruwa, ta ajiye mayafi ta nufo ɗakin don ta wanke uwarta. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata wasiyyar. Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun tana yarinya, ta ce:

"Baba, ko yau ma rufe ƙohwa za ka yi?"

Na rufe. Saura auren Luba, kuma mai alkawarin tana kwance a bayana ba ta da bakin da za ta sake ni.

Ku 'yan matan, ku ji wannan daga gare ni. Na cika wa uwarku alkawari domin na rantse, kuma domin ina son ta, amma ban yarda ɓoyon ya yi daidai ba. Ku je asibiti a duba ku, ku faɗa wa likita abin da ya sami mahaifiyarku, kuma idan kun ji wani abu a jikinku kada ku kwana biyu da shi.

Kwana uku bayan an kai Luba ɗakinta na shiga mota zuwa Sifawa. Mijin yayarku yana gona, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta gaishe ni ta yunƙura za ta koma ciki. Na ce ta zauna. Ta zauna can bakin ƙofa, ta ba ni gefe. Na faɗa mata duk abin da kuka karanta a nan, tun daga dogonyaron asibiti har wankan gawa, ina kallon tabarma domin ban iya faɗin sunan wurin da aka yanke ina kallon ta ba. Ba ta katse ni ba. Aka kira azahar muna zaune, aka yi salla a masallaci aka watse, ban gama ba. Da na kai ƙarshe sai ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Baba, shekara goma sha takwas, kowace salla in na kai goshina ƙasa, roƙon Allah nika shi saka ma Inna bisa kanka. Ko ranar da munka rufe ta sai da niy yi. Yanzu ƙaƙa zan yi da su?"

Na faɗi abin da ya zo bakina.

"To ke dibe ni. Tun daga bakin titi da ƙahwata nit tako, ko sanda babu. Ga alama ba a karɓa ba."

Dariya ta kufce mata tare da kuka, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Na bar ta ta yi mai isar ta. Da ta ɗago ta share fuska, ta shiga ciki ta kawo mini buta, ta ce an riga an yi jam'i, in ja mu salla a nan. Na tsaya a gaba, ta tsaya a bayana. Da muka kai sujadar ƙarshe sai na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa cikin kuka, tana cewa Baba, Baba, sauran ban ji ba. Gwiwoyina sun tsufa, ba sa son doguwar sujada, amma ban ɗago ba sai da na ji ta gama.